Turakun Burtalin Karare

A shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, har malaman makaranta suka soma hawa babur, Sammani ɗan Malam Jafaru na Karare ya gama shekararsa ta farko a jami'a a Zariya. Aikin mulki yake karantawa, kuma gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyinsa, shi da wasu samari goma sha ɗaya da aka tace aka zaɓa don su zama jami'an gobe. An ba su ɗaki, an ba su abinci da littattafai, amma da sharaɗi. Duk dogon hutu sai an tura kowannensu wani ofis ya koyi makamar aiki, jami'in da ya zauna a ƙarƙashinsa kuma ya rubuta rahoto a kansa. Idan rahoton ya ɓaci, tallafin ya tafi.

Sammani ya sa rai da Kaduna. Har ya ɗinka riguna biyu saboda ita. Da aka liƙa sunaye, sai ya ga abokansa an raba su ma'aikatu masu fanka da tarho, shi kuwa an rubuta masa Batsari da Safana. Gida ke nan. Ya tsaya gaban allon ya karanta sau uku, bai san ko murna zai yi ko baƙin ciki ba.

Jami'in da aka haɗa shi da shi, Malam Daudu, mutum ne ɗan siriri mai yawan duba agogo. A lokacin soja sun sake canza gwamnati, kullum rediyo na karanto sunayen ma'aikatan da aka sallama, don haka ƙaramar rediyonsa ba ta barin kan tebur. Ko gaisuwar Sammani bai gama amsawa ba ya jawo wata tsohuwar taswira ya shimfiɗa.

"Ka san burtali?"

"Ranka ya daɗe, a bakinsa aka haife ni."

"Madalla. Ga shi nan, ya taso daga wajen Yasore, ya bi ta Karare, ya faɗa ƙasar Safana har mashayar da ke kusa da Zakka. A takarda faɗinsa yadi talatin ne. A ƙasa kuwa, an ce akwai inda saniya biyu ba sa jerawa. Bara an fasa wa mutum kai a kansa. Daga sama an ce a fitar da shi. Za ka auna, ka kafa turaku, ka rubuto mini sunan duk wanda ya shiga. Mako shida na ba ka."

Ya haɗa shi da tsohon masinjan ofis, Jinjiri, wanda ya yi aiki tun kafin Turawa su tafi, da igiyar awo, da gwangwanin jan fenti, da kekuna biyu.

Tun a kan hanyar Karare Sammani ya soma tunanin abin da ke jiransa. Ya san burtalin nan kamar tafin hannunsa. Ya kuma san cewa shekara biyu da suka wuce, lokacin farin da ya ƙone amfanin gona, wuri ɗaya ne a Karare ya riƙe laima: wani kwari da burtalin ya ratsa, inda kashin shanu na shekara da shekaru ya mai da ƙasa baƙa wuluk. Gonar mahaifinsa tana bakin kwarin. A waccan shekarar Malam Jafaru ya matsa ciki da garmarsa, abin da ya samu a nan shi ya riƙe gidan har wata damina. Da ruwa ya dawo bai janye ba. Maƙwabta ma da suka gani, kowa ya matsa.

A gida an karɓe shi kamar wani hakimi. An yanka zakara. Mahaifiyarsa Fanta, Bafulatana ce daga rugagen wajen Zakka, kuma da yake shi ne ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta ma dubansa ido da ido. Ta dai turo masa ƙwaryar fura ta hannun ƙanwarsa Hansai, tana faɗa wa bango cewa wasu mutane sun rame. Malam Jafaru kuwa ya fito da shi ƙofar gida ya zaunar kusa da shi, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Ga shi nan, gwamnati ta aiko shi aiki."

Ba wanda ya tambayi wane aiki. Shi ma bai faɗa ba.

Daga Yasore ya kamata ya fara, ya biyo ta Karare. Sai ya ce wa Jinjiri su fara daga can ƙarshen, wajen Zakka, su dawo baya. Tsohon ya dube shi ta gefen ido, ya ɗaura igiya a bayan kekensa.

Aikin ba wuya a baki. Jinjiri ya riƙe bakin igiya a jikin wata tsohuwar alama, ko kuka ko dutse ko layin tinya da magabata suka shuka, Sammani ya ja har yadi talatin, a kafa turke, a shafa masa ja. Wahalar tana ga mutane. Kowace gona da mai ita, kowane mai gona da labarinsa. Wani ya ce kakansa ne ya sare wurin. Wani ya kawo ƙwan zabi cikin ƙwarya. Wata tsohuwa ta zauna daram a kan inda za a kafa turke ta ce sai dai a kafa a kanta. Sammani yakan tsuguna ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, cewa turke na baɗi ne, ba za a taɓa amfanin bana ba, ya nuna taswira ga mutanen da ba su taɓa ganin gonarsu a takarda ba. Wasu su yarda, wasu su yi shiru irin na wanda ke jiran ka juya baya.

Abinci ya daina shiga masa. Yakan zauna cin tuwo, sai ya tashi ya duba littafinsa, ya dawo ya tarar ya huce. In ya hau keke sai ya yi ta gudu kamar ana korarsa, in ya isa wurin aiki kuma sai ya yi ta jan ƙafa. Kowane turke da ya kafa, Karare yake matsowa.

A mako na biyu suka yada zango a rugar Kawu Mani, yayan mahaifiyarsa. Fari ya cinye masa fiye da rabin garke, ya koma yana ɗan noma gero a bayan ruga, amma har yanzu idan ana maganar shanu sai ya miƙe zaune. Ya sa aka damo musu kindirmo, ya kama hannun Sammani bai saki ba.

"Mun ji labari. An ce ɗan Fanta ne ke riƙe da igiya. Na ce to, Allah ya kawo namu."

"Kawu, aikin gwamnati ne."

"Na sani. Amma wanda ya sha nonon nagge ya san hakkinta. Ka san inda muke shan wuya? Ba nan ba. Kwarin Karare. In mun iso can sai mun jera shanu ɗaya bayan ɗaya kamar zaren allura, yara na gaba, yara na baya, kowa da sanda, kar wata ta kai baki. In ta kai, a ci mu tara. Bara maraƙina biyu suka tafi a tara." Ya dubi ƙasa. "Ban ambaci sunan kowa ba. Suruki suruki ne."

Sammani ya ajiye ludayi.

Da suka fito, Jinjiri ya tura kekensa kusa da nasa. "Malam ƙarami, in faɗa maka wata magana? Na bi jami'ai da yawa. Akwai wanda in ya zo wurin da ya fi ƙarfinsa, sai ya kwanta ciwo, a aiko wani. Akwai wanda igiyarsa takan ɗan lanƙwasa. Taswirar nan ta tsufa, ai duk ta cinye a wajen ninki. Ba mai ganin laifinka."

"Kai me ka gani, Baba Jinjiri?"

"Ni bakin igiya nake riƙewa. Inda aka ce in tsaya nan nake tsayawa."

Maganar ta bi shi kwana da kwanaki. Ya buɗe taswirar, kuma gaskiya ne, daidai kwarin Karare ninki ya ci layin. Zai iya karkata burtalin ya bi ta tudu, inda ba gonar kowa sai duwatsu da ƙaya. A takarda zai fito yadi talatin cif. Shanu ne kawai za su san bambanci, su da masu kora su. Har ya ɗauki fensir ya ja layin a hankali, ya zauna yana kallonsa. Ya goge. Washegari ya sake ja, ya sake gogewa, har takardar ta kusa hujewa.

Ranar wata Laraba, cikin mako na biyar, suka iso. Gero ya yi kai, ya soma ɗaukar ido, ko'ina kore shar. Labari ya riga su, don haka mutanen Karare sun fito sun tsaya a inuwar wata tsamiya. Masu gonakin kwarin su tara ne. Sammani ya lura ba igiyar suke kallo ba, shi suke kallo.

Malam Jafaru yana cikin gonarsa da lauje a hannu, yana yankar ciyawa. Sammani ya jingine keke, ya cire takalmi, ya je ya durƙusa.

"Baba, barka da aiki."

"Yawwa. An iso?"

"An iso, Baba. Ina neman izini in auna."

"Izini? Ai kai ne gwamnati. Mu talakawa mi gare mu?"

Jinjiri ya sami tsohuwar alamar, wani kututturen marke da kowa a garin ya sani, ya dafe bakin igiya a jikinsa. Sammani ya soma ja. Yadi goma, ya ratsa sarƙaƙiya ya fito kan 'yar siririyar turbar shanu. Goma sha biyu, ya shiga gero. Ganye na shafar fuskarsa, yana jin ƙamshin bununi, yana taka kunyoyin da shi kansa ya taɓa yi wa noma. Ya ƙirga su ba da niyya ba: goma sha huɗu. A kan ta goma sha huɗu igiyar ta ƙare.

Ya kafa turken. Dutsen da yake bugawa da shi ya kuɓuce ya daki yatsansa, bai ji zafi ba sai daga baya. Ya shafa jan fenti. Ya buɗe littafi ya rubuta, a layin farko na shafin Karare, Malam Jafaru, kunya goma sha huɗu.

Da ya fito, mahaifinsa na tsaye a bakin gona.

"Ka san abin da ka ci shekarar fari?"

"Na sani, Baba."

"Ka san inda ya fito?"

"Na sani."

"To." Malam Jafaru ya rataya laujensa a kafaɗa ya bi hanyar gari, bai waiwayo ba.

Sauran takwas ɗin ba wanda ya yi gardama. Ɗaya daga cikinsu ma da kansa ya riƙe turke aka buga. Kafin la'asar an gama kwarin.

A gida ba a yi faɗa ba, abin da ya fi damun Sammani ke nan. Da safe ya je gaisuwa, Malam Jafaru ya amsa da "lafiya" ɗaya ya ci gaba da jan carbi. Ya daina samun wuri a tabarmar ƙofar gida. Inna Fanta tana tsakanin miji da ɗan'uwa da ɗa, Hansai kuma ta gaya masa ta gan ta tana share ido a madafa tana cewa hayaƙi ne.

Ya kai wa Malam Daudu rahoto ranar Litinin. Jami'in ya bi sunayen da yatsa, mutum sittin da ɗaya, ya tsaya a kan guda.

"Wannan Jafarun na Karare fa?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe."

Malam Daudu ya ɗago ya dube shi sosai, karo na farko tun zuwansa. Sannan ya rage muryar rediyo. "To, ka yi abin da ya kamata. Saura cikawa. Ran Asabar mai zuwa manya za su zo daga Kaduna duba aiki. Ina so su tarar da burtali a buɗe, su bi ta cikinsa da mota. Za a ba ka 'yan doka huɗu da leburori. Duk abin da ke cikin turaku a sare."

Sammani ya matso kusa da teburin. "Ranka ya daɗe, geron saura mako uku a yanka."

"Umarni bai san mako uku ba."

"Shanun ma ba yanzu za su bi ba, sai an kawar da amfani. In an sare yau, ba makiyayin da ya ƙaru, manomi sittin da ɗaya kuwa sun yi asara. Kuma haushin ba a kanmu za su huce shi ba, a kan Fulani ne. Na yi wa mutanen nan alkawari cewa turke na baɗi ne."

"Wa ya ba ka ikon yin alkawari?"

Ba wanda ya ba shi.

"Ko don gonar tsohonka ce?"

"In don ita ce, ranka ya daɗe, da ba ta shiga littafin ba. A sare tasa ita kaɗai in ana so. Amma ba zan iya jagorantar sare na sauran ba."

Malam Daudu ya miƙe ya je taga ya dawo, ya duba agogo. "Yaro, ka san rahotonka a hannuna yake? Ni shekara ashirin da biyu ina aikin nan, 'ya'yana bakwai. Kullum sai na ji sunan wanda na sani a akwatin rediyon nan. Kai ba ka da abin da za ka rasa sai ɗakin kwana a Zariya."

"Shi ke nan abin da nake da shi, ranka ya daɗe."

Ya fita daga ofis. Bai koma Karare ba. Ya hau keke ya yi ta zagaya Batsari, ya bi ta kasuwa da ba ta ci ranar, ya bi ta makarantar da ya yi firamare, ya tsaya ya sake hawa. In an kore shi, me zai ce a gida? Ya ɓata da uba saboda aikin gwamnati, ga shi zai ɓata da gwamnati saboda geron uban. Daga ƙarshe ya zauna a shagon wani tela ya ari tebur, ya rubuta takarda shafi biyu: dalilin da ya sa ya ga a jinkirta, ranar da za a gama girbi, da shawarar a tara masu gonaki da ardo-ardo gaban hakimai biyu kowa ya sa hannu. Ya sa sunansa shi kaɗai a ƙasa, don in laifi ne ya tsaya a kansa. Ya kai wa Malam Daudu kafin a tashi.

Jami'in ya karanta a tsaye. Ya ninke ta ya sa a aljihu. "Tafi," kawai ya ce.

Ranar Asabar Sammani ya tafi kwarin tun da hantsi ya zauna a gindin tsamiya, yana jiran ko 'yan doka ko manyan Kaduna. Duk ƙarar da ya ji sai ya miƙe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Sai ga Jinjiri a kan keke, yana haki. Ruwan da aka yi shekaranjiya ya cinye hanya a wani rafi, motar baƙin ta kasa haurowa, sun duba taswira da littafin sunaye a Katsina sun juya. Malam Daudu kuma bai aiko kowa ba.

"Takardata ce ta hana shi?" in ji Sammani.

"Wa ya sani? Wataƙila takardarka, wataƙila rafi. Kai dai gero ya tsira."

An yi taron gaban hakimai bayan girbi, saura kwana biyu ya koma makaranta. Masu gonaki suka dangwala yatsa, Malam Jafaru a cikinsu, bai dubi inda ɗansa yake ba. Kawu Mani ma bai tafi da farin ciki ba, don ya so a biya shi maraƙansa, aka ce abin da ya wuce ya wuce. Da Sammani ya je sallama, mahaifinsa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya ci gaba da ɗaure damin da ke gabansa.

A Zariya ya yi wata biyu yana zuwa ofishin mai kula da ɗaliban tallafi, ana ce masa rahoto bai iso ba. Abokansa na ba da labarin Kaduna, shi yana zaune a bakin gado yana karkaɗa ƙafa. Da rahoton ya zo, layi uku ne. Malam Daudu ya rubuta cewa ɗalibin yana da gaskiya, yana da ƙwazo, amma yana da gardama da na gaba da shi, a sa masa ido. Aka kira shi aka yi masa gargaɗi, aka bar masa tallafinsa.

Farkon damina ta gaba wasiƙar Hansai ta iso, da rubutunta na 'yar aji shida. Ta ce kowa lafiya. Ta ce an yi shuka. A kwari mutum biyar sun tuge turakunsu sun yi girki da su, sun shuka har inda suka saba. Baba bai shuka nasa ba, ciyawa ce a wurin, kuma da wani ya ce masa ai kowa ya koma, sai ya ce shi ya riga ya dangwala hannu. Amma har yanzu in an ambaci Sammani a gida, sai ya tashi ya fita. Wajen Zakka kuma an ce an sake yin rigima, ba ta san ko an ji wa wani ciwo ba.

Sammani ya karanta a tsaye a bakin ɗakin karatu. A makon nan ne ake cike takardar zaɓen wurin aikin hutu, kuma a bana an ce 'yan shekara ta biyu za su iya neman inda suke so. Ya riga ya rubuta Kaduna tun shekaranjiya, takardar tana cikin littafinsa. Ya fito da ita ya duba. Ya mai da ita. Ya sauka daga matakala, ya yi hanyar ɗakin cin abinci, ya fasa, ya juyo. A ƙofar ofishin mai kula da ɗaliban tallafi ya ari biro wurin akawu, ya soke Kaduna, ya rubuta Batsari da Safana a samanta.

Akawun ya karɓa ya duba. "Kai kuwa me ka manta a can?"

"Aiki ne ban gama ba," in ji Sammani. Ya tambaye shi ko ya san ranar da za a liƙa sunaye.